Jujin Da Ya Koma Tsakar Gida

A unguwarsu da ke Gwandu, in ka zo neman Malam Abubakar sai a bar ka tsaye ana kallon juna, domin kowane lungu da nasa Abubakar ɗin. Amma ka ce Albarka mai jakai, ko tsohuwar da ba ta ji sosai za ta ɗaga hannu ta nuna maka bakin kududdufi. Can za ka same shi, wando a naɗe zuwa gwiwa, manjagara a hannu, yana juya abin da kowa ya toshe hanci ya zubar.

Kakarsa ce ta laƙaba masa Albarka, saboda an haife shi a shekarar da gero ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, ya yi firamare har zuwa ranar da ya gane cewa jakan ubansa sun fi malamin lissafi haƙuri da shi. Daga nan ya bi uban zuwa juji. Sau ɗaya tak ya taɓa tunanin sauya sana'a, lokacin da samarin gari suka rufu a kan kabu-kabu. Ya ari babur ya hau, da ya zo kwana sai ya ja tsaki ya daka masa tsawa yadda yake yi wa jaki. Babur bai ji ba. A cikin darnin wani bawan Allah aka tsamo shi, kuma tun ranar ya ce shi da abin da ba ya jin magana sai kallo.

Ga wanda bai sani ba, juji ba shara ce kawai ba. Tokar murhu, kashin awaki da na tumaki, ƙaiƙayi, ragowar harawa, ɓawon gyaɗa, duk abin da matan unguwa suka share da safe nan yake taruwa. Ruwan damina ya jiƙa shi, rana ta dafa shi, Albarka ya yi ta juya shi har ya yi baƙi ya yi laushi ya zama taki. In an kawar da amfanin gona sai ya ɗora wa jakansa biyu mangala ya kama hanyar Malisa, inda masu noman albasa ke jiransa. Kowa na da ikon zubawa a jujin bakin kududdufi, amma kwasa ta gidansu Albarka ce tun kakanni. Ba wanda ya rubuta haka, an dai tashi an gani. Da wannan jujin ya yi aure, da shi ya aurar da 'yarsa Safiya, da shi ya yi wa ɗakunansa rufin kwano.

Zamanin ubansa aikin ba shi da wata wahala sai ta nauyi. A nasa zamanin ne leda ta shigo gari. Wani jakinsa da ya fi so ya rame, ya ƙi ci, ya mutu, da aka farka cikinsa aka tarar da baƙar leda a dunƙule kamar kan mutum. Albarka ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiya, kuma daga nan ba ya loda taki sai ya tsince shi tas. Manoma suka lura nasa ba ya barin tsumma a gona, suka riƙa yi masa magana tun kafin kaka don kada wani ya riga su.

Matarsa Kulu kuwa, Allah ya haɗa shi da macen da ko ƙuda ya sauka a tsakar gidanta sai ya ji kunya ya tashi. Ƙuli-ƙuli take soyawa tana tatsar man gyaɗa, mutane na tsallake gidaje su zo nata saboda tsafta. Shekara da shekaru suna zaune lafiya bisa sharaɗi guda: aikinsa ya tsaya a waje.

A ƙarshen daminar bara, kansilan mazaɓarsu, Lukuman, ya tara jama'a a filin firamare don ya yi musu bayanin abin da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ya tanadar musu. Albarka ba mai zuwa taro ba ne, inuwa ce ta tsayar da shi a bayan mutane. Kansila ya yi maganar kwalbati, ya yi maganar rufin azuzuwa, sannan ya gyara murya.

"Bana an ware kaso na musamman don tsaftar muhalli. Za a ɗauko hayar tifa ta kwashe duk wani juji da ke cikin gari. Kuma za a yi gasa tsakanin unguwanni, wadda ta fi tsafta a karrama ta."

Jama'a suka ɗauki tafi. Albarka bai tafa ba. Tifa ta kwashe duk wani juji! Nasa ga shi ya sha ruwan damina guda, ya kusa nuna, ga alkawuran mutanen Malisa a wuyansa, ga hatsin gida na shekara duk a cikinsa yake. Bai tsaya jin sauran ba. Ya sulale ya bar kansila yana ta magana.

Washegari ya shiga motar Kalgo, don ya ji an ce can an riga an yi irin wannan aiki. Yana da taubashi a garin, Rilwanu, ɗan kabu-kabu da ke ɗaukar ɗalibai a ƙofar jami'a. Tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya.

"A'a, Sarkin Juji da kansa!" in ji Rilwanu. "Ɗan matsa baya, kada ka kore min fasinja."

"Bawana, rufe min baki. Kai ni in ga inda anka kwashe."

"Babur za ka hau? To ka yi mishi magana a hankali, wanga ma ba ya jin tsawa."

Ya kai shi wani fili a gefen gari. An share shi fes, an dasa 'yan itatuwa a jere, kowanne da shingen ƙaya.

"Nan juji yake, ya fi naka girma," in ji Rilwanu. "Da hantsi tifa ta zo, kafin azahar ko tsinke babu."

"Ina sunka kai shi?"

"Rami. Sunka zuba, sunka bi da ƙasa."

"Mai shi fa?"

"Wane mai shi? Na ji an ce ma in sun tarar da jakai a wurin haɗawa suke da su. Kai dai kada ka damu, naka duk ƙashi ne, ba su cika tifa."

Albarka ya san Rilwanu tun suna yara, ya san maganarsa sai an tankaɗe ta kafin a samu ta ɗauka. Amma filin ai da idonsa ya gani. Ya dawo Gwandu bai ce wa kowa uffan ba a mota, har wata mata ta tambaye shi ko rasuwa aka yi masa.

Ya zauna ya yi nazari. Kai taki Malisa yanzu ba ya yiwuwa: dawa na tsaye a gonaki, fadama cike da ruwa, ba manomin da zai karɓi tsibi. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in tsoro ya riga hankali isowa. Lungun gidansa ko amalanke da ƙyar take shiga, balle tifa. Kuma ko da 'yan hukuma sun biyo sawu, maza ne, iyakarsu zaure. Gidan mai aure ba a shiga. Tsohon duba-garin da ya sani, har ya yi ritaya bai taɓa wuce zaurensa ba. Yakan tsaya ya tambayi lafiyar masai da kwata, a ce masa lafiya lau, ya ƙara gaba.

Da rana tsaka ya fara kwasa, a gaban kowa. Ba wanda ya yi mamaki, don ganin Albarka da jakai da mangala ba labari ba ne. Abin da mutane ba su lura ba shi ne jakan ba hanyar Malisa suke bi ba.

"Malam, mi nike gani haka bayan turke?" in ji Kulu a ranar farko.

"Ɗan taki ne, ajiya na yi wa wani."

"Shi wanin ba shi da gida?"

"Kwana kaɗan ne, Kulu."

Ajiya ta yi ta girma. Ta ci bayan turke, ta ci wurin shanya, ta doshi gindin rijiya. Ƙudajen unguwa da suka rasa jujinsu suka yi cigiya suka gano inda ya koma, suka zo da iyalansu.

"Baban Safiya," in ji Kulu, hannu a ƙugu, "shekaranjiya daga nan ina hangen katangar maƙwabta. Yau ban ganin ta. Kajina sun bar akurki sun koma bene. In gari kaka son kafawa, gaya min in nemi unguwata."

A nan ne ya faɗa mata gaskiya, da tifa da ramin da komai. Ita ma ta san daga ina hatsin gidan ke fitowa. Sannan ta ɗauki kaskon suyarta da buhun gyaɗa ta nufi gidan ƙanwarta.

"Ni ban yi yaji ba," ta ce daga bakin ƙofa, "amma kaskona ya yi. Ba ya dawowa sai wancan ya fita."

Maƙwabta suka toshe hanci suka kama bakinsu, saboda Albarka mutum ne da ba a rasa shi wurin haƙar kabari ko gyaran katangar da ruwa ya kayar. Shi kuwa da ya kwashe mangala ta ƙarshe, sai ya bi wurin da tsintsiya ya share ƙal, don in tifa ta zo ta ga ba abin ɗauka ta kama gabanta.

Tifa ba ta riga zuwa ba. 'Yan kwamitin gasa ne suka fara zagayawa, su ga wuraren da za a kwashe, su kuma duba tsaftar unguwanni. Ko'ina suka je sai tsibi ya tarye su. Da suka iso bakin kududdufi suka tarar da ƙasa kamar an yi mata daɓe. Mai unguwa, wanda gidansa ke can ɗaya ƙarshen, iska kuma ba ta kai masa labari ba, ya bugi ƙirji ya ce aikin mutum ɗaya ne. Nan take ya kira Albarka a waya.

"Kana gida? Shimfiɗa tabarma, ga mu nan da manyan baƙi. Ka fid da mu kunya, Albarka!"

Albarka ya yi ta maza. Ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ta wajen da iska ke fitowa. Ya ɗebo turaren wutan Kulu, wanda take tattali don biki, ya juye a garwashi ya ajiye a zaure, ya saki labulen ƙofar ciki. Kulu tana ciki a lokacin, ta dawo ɗora abincin rana. Ya leƙa ya roƙe ta kada ta yi ko tari.

Sai ga su: kansila Lukuman, mai unguwa, da wasu mutane masu manyan huluna. Albarka ya ƙirga su da ido, duk maza, ya fara sakin numfashi. Sai na ƙarshe ya matsa gefe, ga wata matashiya a bayansa da dogon hijabi.

"Wannan Malama Hajara ce," in ji kansila, "sabuwar duba-garinmu."

Aka zazzauna. Kansila ya shiga yabo: mutum ɗaya da jakai biyu ya yi abin da hukuma ta ware wa mota, a yi koyi da shi, irinsa ake nema. Albarka yana ta "madalla, madalla."

"To ina ka kai shi duka, Malam Albarka?"

"Wurin da ake kula da shi, ranka ya daɗe."

"Ma sha Allah. Turaren nan naka kuwa da ƙarfi yake."

"Na baƙi ne, ranka ya daɗe."

Hajara ta miƙe ta gyara hijabi. "Baba, bari in shiga in gaida Inna."

"Ai kuwa... ba ta nan."

"Ina nan!" Muryar Kulu ta fito daga ciki tangaran. "Maraba lale! Shigo, ɗiyata, shigo ki ga gida!"

Namiji kana iya tsayar da shi a zaure har ya tsufa, ba wanda zai ga laifinka. Amma mace ta ce za ta gaida matar gida ka tare mata hanya? Wannan abin faɗa ne har jikoki. Albarka yana ji yana gani ta ɗaga labule ta shige. Ya kasa kunne. Ya ji gaisuwa ta fara, ya ji ta katse a tsakiya. Kansila na tambayarsa shekarun jakansa, yana ba shi amsar da ba ta da alaƙa da jakai.

"Baba," Hajara ta kira daga ciki, "ɗan shigo."

Ya same ta tsaye, gefen hijabi a kan hanci, ta ɗaga kai tana kallon tsibin. Zakaran Kulu na can ƙoli yana tono.

"Baba, jujin unguwa ne wannan?"

"Shi ne."

"Dukansa?"

"Ban bar ko kaɗan ba."

"Ka ga ruwan da ke tsiyayowa daga gindinsa? Ka ga inda ya nufa? Rijiyarku ce fa. Daga nan amai da gudawa ke farawa, kuma in ya fara ba a gidanka zai tsaya ba."

Albarka ya kalli baƙin ruwan da ya yi 'yar hanya a ƙasa. Sai yanzu ya gan shi da kyau. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗiyata, na yi kuskure. Ki ci ni tara, ki kai ni inda za ki kai ni. Abu guda nike roƙo, kada a zuba shi rami. Abincin gidan nan ne na shekara, kuma na yi wa mutane alkawari."

"Wa ya ce za a zuba shi rami?"

"Tifa mana."

"Baba, ka je taron firamare?"

"Na je."

"Har ƙarshe?"

Kulu ce ta amsa daga bakin murhu: "Bai taɓa kai ƙarshen komi ba in ba tuwo ba."

Hajara ta danne dariya. Ta ce masa a ƙarshen taron kansila ya faɗa da bakinsa cewa duk mai buƙatar taki ya nuna wuri a bayan gari, tifa ta juye masa a can. Wanda ba mai so ne kawai za a kai rami. Man da aka ware wa mota ɗaya ne, ko rami ta nufa ko bakin gona.

"A Kalgo ma haka aka yi," ta ce. "Manoma suka raba shi, har da gardama."

"Rilwanu!" in ji Albarka. Ya zauna daɓas a kan 'yar kujerar Kulu. Ya buɗe baki zai tsine wa taubashin nasa, sai ya ji dariya ce ke fitowa, hawaye na bin ta. "Ba za a binne shi ba ke nan?"

"Ba za a binne shi ba. Amma tifa ba ta shiga lungun nan."

Dariya ta tsaya.

"Yadda ka shigo da shi, haka za ka mayar da shi bakin kududdufi. Rijiyar nan kuma kada a sha sai na zo na sa mata magani. In na dawo na tarar an yi, ba maganar tara. Kuma dole in gaya wa na waje, don ba zan sa hannu a ce unguwa ta fi kowa tsafta alhali jujinta ɗaki kawai ya sauya ba."

Da aka faɗa a waje, kansila ya yi dariya har hularsa ta faɗi a tabarma. Mai unguwa bai yi ba. Ya dubi Albarka ya ce, "Da bakina na ce a yi koyi da kai."

Fitar da juji ta fi shigar da shi sauri, don maƙwabtan da suka sha wari sun fito da baro da kwanduna ba tare da an roƙe su ba. Kowa ya ɗebo sai ya yi masa ba'a. Wani ya ce a bar masa kaɗan ya yi matashi, wani ya ce a duba ƙarƙashin gado ko ya ɓoye saura. Albarka na amsawa da "na ji, na ji," yana kora jakai.

Ranar karramawa a sakatariya, unguwarsu ta zo ta biyu. Ta farko ta tafi da kofi, su aka ba su baro da shebur da tsintsiyoyi. Matan unguwa suka ce hakan ma ya fi, don kofin nan ko kunu ba a sha da shi. Kansila ya kira Albarka gaban jama'a duk da haka, ya ce ba don kwasar juji ba, wannan kowa ya ji labarinta, sai don shekarun da ya yi yana tsince leda ba wanda ya sa shi. Aka ba shi safar hannu da dogayen takalman roba. Ya karɓa yana sunkuyar da kai, yana jin ana ƙyalƙyala dariya a baya ana kuma tafa masa da gaske. Mai unguwa ya miƙa masa hannu, amma fuskarsa na kallon wani wuri.

Unguwarsu ce ta ƙarshe a layin tifa. Wani manomin albasa ya ba da aron faƙo a bakin hanyar Malisa. Da aka gama lodi direba ya ce Albarka ya shigo gaba ya nuna hanya. Ya shiga da bismilla, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, duk ramin da suka faɗa sai ya waiga ya ga ko wani abu ya zube.

"Nan ne, Baba?"

"Ƙara gaba kaɗan. Nan ruwa na kwanciya."

Bayan motar ya ɗaga, abin da ya ci masa ƙarfi shiga da fita ya zubo gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Albarka ya sauko ya zagaya tsibin. Ya naɗe hannun riga ya cusa hannu har gwiwa. Da ɗumi a ciki, yana ci gaba da nuna, duk yawon da ya sha bai kashe shi ba. Ya ɗebo ya murza a tafin hannu, ya sansana.

"Lafiya dai, Baba?" in ji direba.

"Lafiya lau. In dawa ta sauka ya yi daidai."

"To shigo in mayar da kai gari."

"Tahi abinka, ɗana," in ji Albarka, yana neman wurin zama a gefen tsibin. "Bari in ɗan huta tukuna."